Yadda ake riƙe takardu da tafiyar da kwangilar gini a Damagaram, mataki-mataki

Tambayar da masu karatu suka fi aikowa, musamman ƴan Damagaram da ke nema a Yamai, Agadas, Kano ko Libiya suna turo kuɗin gini gida, ita ce: ta yaya zan san inda kuɗina ya shiga, kuma me zan riƙe a hannu ranar da muka saɓa da magini? Abu biyu ne ke riƙe da al'amarin duka. A rubuta komai a ranar da ya faru, sannan kuɗi ya riƙa bin aiki a baya, kada ya wuce gabansa. Matakan da ke ƙasa na mai gina gida ne, ko shaguna, ko makarantar islamiyya, amma ƙaramin ɗan kwangila ma zai ci moriyarsu, domin shi ma ana cin haƙƙinsa idan babu takarda.

1. Takardun fili tukuna

Kafin a sauke tifar yashi ko ɗaya, haɗa takardar mallakar fili, zanen gini da izinin gini daga ma'aikatar magajin gari. A nemo mai awo ya nuna duwatsun iyaka a gaban maƙwabta, a ɗauki hoto. Asalin takardun su zauna a gida, kwafinsu ne ke zuwa shantiye, wato wurin aikin ginin.

Gargaɗi: idan filin gado ne, sai da rubutacciyar amincewar sauran magada. Gini da yawa sun tsaya a tsayin taga saboda wani ɗan'uwa ya dawo daga tafiya ya ce bai sani ba.

2. Kayan rubutu da mai riƙe su

Kana buƙatar kaye, wato littafin rubutu, guda biyu masu kauri, ɗaya na aikin yau da kullum, ɗaya na shiga da fitar kaya. Sai littafin rasit mai kwafi biyu, jakar takardu ta roba, tef ɗin awo, da waya mai ɗaukar hoto. Ban da wayar, duka ba za su wuce kuɗin buhun siminti biyu ko uku ba. Ka sa wa kowane shafi lamba da biro tun ranar farko, don a gane idan an yage wani.

Sannan ka zaɓi mutum ɗaya da zai zama wakilinka, ka faɗa wa kowa cewa umarni daga bakinsa kaɗai yake fitowa. Wanda ke riƙe da kuɗi kada ya zama shi ne mai riƙe da kayen kaya. Ba zargi ba ne, ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, raba aikin kariya ce gare shi. Idan wakilin bai yi boko ba, ya rubuta da ajami, babu laifi. Abin da ake so shi ne kwanan wata, adadi da sa hannu.

3. Takardar ƙiyasi

Nemi ƙiyasi, wanda a shantiye ake ce wa dabi, daga mutum uku, dukkansu a kan zane iri ɗaya. Wanda ya rubuto maka layi ɗaya, “ɗaki uku da falo, kuɗi kaza”, bai ba ka komai ba. Dabi na gaskiya yana tafiya layi-layi: haƙan harsashi mita nawa, kankare nawa, bulo nawa kuma mai kauri 15 ko 20, ƙarfe sanda nawa kuma lamba 6, 8, 10 ko 12, da farashin kowane ɗaya. Wannan farashin ɗai-ɗai shi ne zai cece ka nan gaba idan aka yi ƙari ko ragi.

Ba sai ka zama injiniya ba kafin ka gwada lissafin. Bulo mai tsayin santimita 40 da tashi 20 yana cin kamar 12 zuwa 13 a kowace murabba'in mita, saboda haka bango mai tsayin mita 10 da tashin mita 3 zai ci kusan bulo 375, a cire gurbin ƙofa da taga. Kankaren ginshiƙi da ake haɗawa a kan kilo 350 na siminti yana cin buhu 7 na kilo 50 a kowace mita kubik. Ginshiƙi mai santimita 20 a kan 20, tsayin mita 3, guda goma, bai wuce mita kubik 1.2 ba, wato buhu 9 idan an cika. Wanda ya rubuta maka 20 sai ya yi bayani. Wanda ya rubuta 5 kuma ya fi ba ni tsoro, domin shi ne zai rage siminti a inda ido ba ya gani.

Gargaɗi: idan kamfani ne mai rajista, tambayi ko farashin ya haɗa da harajin TVA da ake ɗorawa a kan kaya da ayyuka, wanda a Nijar kashi 19 ne cikin ɗari. Bambancin ba ƙarami ba ne. Ka kuma duba lambar NIF, wato ta biyan haraji, da ta RCCM, wato ta rajistar kasuwanci, a kan takardarsa.

4. Yarjejeniya

Nan ne mutanenmu suka fi jin nauyi. Magini zai ce, “Haba Alhaji, tsakanina da kai har sai an yi takarda?” Amsar mai sauƙi ce: “Malam, ba don rashin yarda ba ne, don mantuwa ne da mutuwa.” Babu wanda ke musun wannan, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne a rubuta bashi a kafa shaidu.

Fara da tantance irin kwangilar. Ko dai magini ya ɗauki aikin hannu kaɗai kai ka sayi kaya, ko ya ɗauka duka da kaya a kan farashi ɗaya. Na farko ya fi sauƙin kuɗi amma yana cin lokaci da sa ido. Na biyu ya fi dacewa da wanda ba ya gari, da sharaɗin an rubuta ingancin kowane kaya. Abin da ba na so shi ne a gauraya su ba a rubuta ba, yau kai ka sayo siminti, gobe shi ya sayo ya ce a biya shi.

Shafi biyu sun isa, matuƙar sun ƙunshi sunayen ɓangarorin biyu da lambar katin ɗan ƙasa, wurin filin, aikin da za a yi da wanda ba ya ciki, jimillar kuɗi, matakan biya, ranar farawa da ta gamawa, abin da za a cire idan an yi jinkiri ba dalili, da wanda za a je wurinsa idan an saɓa. A lika zane da dabi a jiki, kowa ya sa hannu a kowane shafi, shaidu biyu su sa nasu. Idan kuɗin da yawa, a kai ma'aikatar magajin gari a tabbatar da sa hannun da hatimi. In an rubuta da Faransanci, a karanta wa kowa da Hausa a gaban shaidu kafin ya dangwala yatsa.

Akwai abubuwa huɗu da ginin Damagaram ke rigima a kansu, kuma takardun da ake kwafowa daga wani wuri ba sa ambatarsu.

Dutse. Garin nan a kan dutse yake, duk wanda ya zaga unguwar Birni ya gani da idonsa. Ana cikin haƙan harsashi ko shadda sai diga ta dawo. A rubuta tun farko nawa ne fasa dutse a kowace mita, kuma wa zai biya. Haka ma filin da tsohon tafki ne aka cike, harsashinsa zai fi na zane zurfi.

Ruwa. Daga Maris zuwa Mayu famfo na iya kwana da kwanaki bai kawo ba, farashin ƴan ga-ruwa ya tashi. Ruwan kwaɓi da na ban-ruwan bulo da kankare a wuyan wa yake? Idan ba a faɗa ba, magini zai yi tsimi, kuma kankaren da bai sha ruwa ba a kwana bakwai na farko ya riga ya yi rauni.

Damina. Leburori da yawa manoma ne, ruwan farko na sauka sun tafi gona. A saka wannan a lissafin kwanaki tun yanzu, maimakon a zo ana jayayya a watan Agusta.

Tashin farashi. Kaya da yawa daga Najeriya suke shigowa, kuma kowa ya ga yadda kasuwa ta yi lokacin da aka rufe iyaka a 2019 da kuma 2023. A rubuta ko farashin tsayayye ne, ko za a sake duba na siminti da ƙarfe kaɗai idan tashin ya wuce wani kaso da kuka amince.

Gargaɗi: kowane kuɗi a rubuta shi da lambobi a farankin sefa, a maimaita da kalmomi. A kasuwa da dala muke ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, “ɗari biyar” a baki 2,500 ne a takarda, “dubu ɗari” kuma 500,000. Wanda ya ji “dubu ɗari” ya rubuta 100,000 ya shuka rigima. Idan an sayo kaya da naira, a rubuta canjin ranar a gefen rasit.

5. Kayen shantiye na kullum

Kowace yamma kafin a tashi, wakili ya cika shafi: kwanan wata, ma'aikata nawa suka zo, aikin da aka yi, siminti buhu nawa aka buɗe, abin da ya hana aiki in akwai, umarnin da aka bayar da wanda ya bayar. Layi shida ko bakwai ne, minti goma. Shi da shugaban magina su sa hannu. Ranar da ba a yi aiki ba ita ma a rubuta ta, da dalili: ruwan sama, rashin siminti daga mai gida, ko magini ya tafi wani aiki. Waɗannan ranakun su ne za su nuna laifin wa ne jinkiri.

Hoto kuma a ɗauke shi kafin a rufe abu, ba bayan an rufe ba. Zurfin harsashi da tef a ciki, ƙarfen ginshiƙi da na dal (rufin kankare) kafin a zuba kankare, hanyar bututun ruwa da wayar lantarki kafin yaɓe. Ka sa doka a yarjejeniya: ba a zuba kankare sai wakili ya ga ƙarfe ya rubuta “na gani”. Ranar zuba dal a rubuta ta da manyan baƙaƙe, domin daga ita ake ƙirga kwanakin cire katako, kuma kankare ba ya kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi sai ya kwana 28.

Gargaɗi: kada a bari a tara kwana biyar a cika su a zama ɗaya. Rubutun da aka yi da biro ɗaya, hannu ɗaya, a rana ɗaya ana gane shi, kuma ba ya da nauyi gaban mai sulhu. Kuskure a ja masa layi ɗaya a sa hannu a gefe, ba a gogewa.

Ga wanda ke nesa: a buɗe zauren WhatsApp na mutum uku kacal, kai da wakili da ɗan kwangila, a riƙa tura hoton shafin kowace rana. Saƙon murya yana da daɗi, amma wa zai nemo shi cikin ɗaruruwa bayan wata shida? Duk shawarar da aka yanke da murya a mayar da ita rubutu a kaye.

6. Shiga da fitar kaya

Kowane kaya shafinsa daban, da gida huɗu: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Ana ƙirga kaya ne lokacin da ake sauke su, a gaban direba, sannan a sa hannu a takardar kawo kaya. Tan ɗaya na siminti buhu 20 ne, na Malbaza ne ko na Dangote, a rubuta sunan da lambar ƙarfinsa. Sandar ƙarfe mita 12 ce, a auna biyu ko uku daga cikin ɗaurin, a duba kaurin, domin akwai wanda ake sayarwa da sunan lamba 10 alhali bai kai ba. Yashi da tsakuwa a rubuta girman motar, ba “tifa ɗaya” kawai ba.

Dabara mafi arha ita ce ƙirga buhunan da aka zazzage. Buhu goma suka fita daga sito da safe, fanko goma za su dawo da yamma. Idan a wurin ake buga bulo, a yi yarjejeniyar bulo nawa buhu ɗaya zai fitar, a riƙa gwada adadin bulon da adadin buhunan. Ranar Juma'a ko Asabar a shiga sito a ƙirga abin da ke ƙasa a gwada da na kaye.

Gargaɗi: makullin sito a hannun mutum ɗaya. Kuma kada ka tara siminti mai yawa don gudun tsada idan damina ta kusa, sai in kana da ɗaki busasshe da katako a ƙasa. Buhun da ya daskare hasara ce da ba ta shiga lissafin kowa sai naka.

7. Biyan kuɗi

A ɗaure kowane biya da aikin da ido ke gani, ba da kwanan wata ba. Misali kawai, a kwangilar aikin hannu ta 3,000,000: kafin alƙalami 300,000, sannan kaso bayan kammala harsashi, kaso idan bango ya kai lintal, kaso bayan rufi, kaso bayan yaɓe da daɓe, sauran ranar karɓa. Daga kowane kaso a riƙe kashi 5 cikin ɗari a matsayin lamuni, yadda ake yi a kwangilolin gwamnati. A wannan misalin zai taru ya zama 150,000, kuma shi ne zai dawo da magini idan rufi ya yi yoyo.

Tsarin biya shi ne: ɗan kwangila ya ce ya gama mataki, wakili ya je ya auna, a rubuta a kaye, sannan kuɗi ya fita, a yanke rasit mai ɗauke da adadi, dalilin biya, jimillar abin da aka biya zuwa yau, da abin da ya rage. Wannan layin na ƙarshe shi mutane ke tsallakewa, shi ne kuma ke kashe gardama. Idan ta Nita, Amana, Al Izza ko Airtel Money aka turo, takardar turawa tana nuna kuɗi ya tafi ne kawai, ba ta nuna na mene ne ba, don haka ita ma a bi ta da rasit. Takardun nan na inji rubutunsu na gogewa da zafi, a ɗauki hotonsu nan take.

Gargaɗi: ƙananan kuɗin “a taimaka” su ne ke ɓata lissafi. Yau suna, gobe mara lafiya, jibi kuɗin sallah. Taimako abu ne mai kyau, amma ka faɗa a take: kyauta ce ko daga kuɗin aiki? In daga kuɗin aiki ne, rasit. Ranar da abin da ka biya ya zarce aikin da ke ƙasa, kai ne za ka koma bin magini kana roƙo. Kunyar mara kunya asara ce.

Kai ma mai gida akwai naka. Aikin da aka auna aka amince a biya shi cikin kwanakin da aka rubuta. Lebura da kuɗin yini yake cefane, kuma ɗan kwangilar da ka riƙe wa haƙƙi zai rama a cikin kwaɓi. Ka riƙa tambaya ko an sallami leburori, don kada wata rana su taru a ƙofar gidanka.

8. Canji da ƙarin aiki

Babu ginin da ake gamawa yadda aka zana shi. Uwargida za ta zo ta ce kicin ya yi ƙanƙanta, aboki ya ce a ƙara shago a gaba. Dokar ɗaya ce: ba a taɓa canji sai an rubuta abin da za a canza, kuɗin da zai ƙara ko ya rage bisa farashin dabi, da kwanakin da zai ƙara, duka biyun su sa hannu. Rabin shafi ya isa, a ba shi lamba: canji na 1, canji na 2. Ɗan kwangila ya fi kowa bukatar wannan, domin a kwangilar farashi ɗaya, ƙarin aikin da babu rubutacciyar amincewar mai gida a kansa da wuya a karɓo kuɗinsa.

9. Idan aiki ya tsaya

Mataki na farko magana ce, a rubuta a kaye an yi ta. Na biyu wasiƙar gargaɗi mai kwanan wata, da ke faɗin abin da ya saura da wa'adin dawowa, a ba shi a gaban shaida ya sa hannu a kwafi. Na uku sulhu wurin wanda kuka ambata a yarjejeniya, mai unguwa ne, limami ko shugaban magina. Yawancin rigingimu a nan suke mutuwa idan an baje kaye da rasit a tabarma.

Gargaɗi: kada ka kawo sabon magini kafin a auna aikin tsohon. A tara shaidu, a auna abin da aka yi, a ƙirga kayan da suka rage, a ɗauki hoto. Idan kuɗin da ake jayayya a kai mai yawa ne, a kira wisiye, ma'aikacin shari'ar da ke zuwa ya gani da ido ya rubuta, domin takardarsa tana da ƙarfi a kotu. Da zarar sabon hannu ya hau bangon, ba wanda zai iya raba aikin wannan da na wancan.

10. Karɓar aiki da ajiyar takardu

Karɓa sau biyu ake yi. Ta farko ranar da aka ce an gama: ku zaga ɗaki-ɗaki da rana, a buɗe kowace ƙofa da taga, a kunna kowane makunni, a saki ruwa a banɗaki a ga inda ya nufa, a watsa ruwa a kan rufi. Duk aibin da aka gani a jera shi a takarda da wa'adin gyara, a rubuta makullai nawa aka miƙa da lambar da ke kan mitar lantarki ta NIGELEC da ta ruwa a ranar. Kada ka kwashe iyali ka tare kafin wannan takardar, domin daga baya kowane tsagu za a ce yara ne.

Ta biyu bayan wa'adin lamuni. A kwangilar gwamnati shekara ɗaya aka saba. A ginin gida, ko da kun rage, ka tabbata wa'adin ya haɗiye damina guda cikakkiya, ruwan Agusta shi ke tona asirin rufi da magudana. Idan babu aibi, ko an gyara, a saki kashi 5 ɗin nan ba tare da ja-in-ja ba, a rubuta cewa babu sauran bashi tsakani.

Daga nan a haɗa yarjejeniya, dabi, takardun canji, kaye biyu, rasit da takardun karɓa a jaka ɗaya, a sa a akwatin ƙarfe saboda gara. A ajiye su aƙalla shekara goma, domin manyan aibobin gini irin na harsashi ba sa fitowa da wuri. Hotuna a kwafe su daga waya zuwa wuri biyu, ɗaya a wajen gidan. Na bututu da wayoyin da ke cikin bango a wanke su a takarda, a rubuta sunan ɗakin a bayan kowanne, don mai gyaran famfo ko na lantarki ya san inda zai fasa.